Rakiyar Sarkin Maƙera

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, kuma yawancin ranakun sun narke cikin juna, ko an tsare ni ba zan iya bambanta wata Talata da wata ba. Amma Asabar ɗin da na kai ɗaliban ƙasashen waje yawon buɗe ido ta ƙi fita daga raina. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in tattara takarduna, ita zan ba ku. Masu jiran su ji yadda na yi bajinta su yi haƙuri, babu bajinta a ciki.

Farkon shekarun tamanin ne, zamanin farar hula, muna cikin jihar Sakkwato. Ni mataimakin jami'in yaɗa labarai ne a Anka, mataki na huɗu, shekarata biyu da kama aiki. Don yaran yanzu su gane, aikin yaɗa labarai a lokacin shi ne duk aikin da aka rasa wanda za a ba. Mu ne masu lasifika ranar rigakafi, mu ne masu majigi, mu ke jera kujeru. Idan kuma baƙo ya zo daga nesa, mu ke shiga gabansa muna nuna masa abin da yake gani da idonsa.

Takarda ta zo mana daga wata jami'a a birnin Sakkwato. Suna da ɗalibai goma sha huɗu daga ƙasashe dabam-dabam, sun zo koyon Hausa a dogon hutu, wanda su can suke kira hutun bazara, mu kuwa nan tsakiyar damina ce. Kowace Asabar ana zuba su a bas a zaga da su. Sun gama da birni, sun ga kasuwa, sun ga majema da marina har sun ƙoshi. Yanzu ƙauye suke son gani. Aka tsara musu Anka da safe, Bukkuyum da rana, su kwana Gummi. A ƙasan takardar wani ya ƙara da biro cewa ɗaliban sun roƙi a nuna musu maƙerin gargajiya yana aiki.

Maigidana a ofis, Alhaji Mu'azu, ya kira ni ya miƙo mini takardar.

"Sani, ina muka samun maƙerin da ba shi ba mu kunya?"

Na ce, "Akwai Sarkin Maƙeran Tungar Jatau, ranka shi daɗe."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Surukinka ko? To, shi ke nan. In abin ya yi kyau namu na, in ya ɓaci ku kun san yadda kuka yi can gida." Har na juya ya sake kirana. "Abu guda. Ban son baƙin ga su ji zancen cuta. Bara wasu sunka zo sunka ɗauki hoton masu kurkunu, hoton yaf fito jarida, Sakataren ƙaramar hukuma yas sha tambaya har ya rame. Ka nuna musu ƙira, ka nuna musu gero, ka maido su mota. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Gaskiya ne babu maƙeri kamarsa a duk yankin. Amma ba don haka kaɗai na ambace shi ba. Shekarata biyu da auren 'yarsa Dije, kuma ina so tsohon ya ga mijin 'yarsa ya shigo gari da Turawa cikin motar gwamnati. Wannan ban rubuta shi a takardar tsari ba, amma shi ne layi na farko. Ranar Laraba aka buga tsarin a sitensil, Sakatare ya sa hannu, na aika wa mutanen Tunga su shirya.

Ranar Asabar da safe Dije tana zuba mini kunu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Inna ta aiko. Kurkunu ya hudo ma Baba ga ƙwauri, yau kwana tara ana naɗe shi. Ba shi son a sani. Don Allah kak ka bari shi yi tahiya."

Ku da kuka tashi da ruwan famfo, bari in gaya muku mene ne kurkunu. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, ana shanta a ruwan tabki, sai shekara ta zagayo ta huda fata ta leƙo, yawanci a ƙafa, kuma daidai lokacin noma. Ba a fizgo ta. Ana naɗe kanta a tsinke, kullum a murɗa kaɗan, a ɗaure da tsumma, har ta fito duka. Mai haƙuri yakan rabu da ita cikin wata guda. Amma idan ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ke nan, mutum ya yi sallama da daminar, wani ma ya yi sallama da ƙafar.

Na ajiye ludayi na yi lissafi. Ƙira dai a zaune ake yinta. Mota za ta kai mu har ƙofar maƙera, ta ɗauko mu daga nan. Na ciro takardar tsari na duba daga sama har ƙasa, ban ga inda aka rubuta tafiya da ƙafa ba. Na ce wa Dije ta kwantar da hankalinta. A lokacin na yi imani da takarda ƙwarai.

Ƙarfe goma bas ta iso. Jagoransu wani malamin jami'a ne, Malam Bashir, Bakano, da takalmi sau-ciki mai sheƙi. An raɗa wa kowane ɗalibi sunan Hausa. Biyu na fi riƙewa: Ladi, wata Bajamushiya doguwa wadda ba ta barin tambaya ta kwana, da Tanko, ɗan Japan, wanda ko kaza ya gitta sai ya ɗan rusuna. Hausarsu tsaf take, irin ta littafi. Idan suka fara gaisuwa sai sun kai ƙarshen shafi, kwana, gajiya, iyali, aiki, labari, ko da mutum yana sauri ne zai kama ruwa.

Daga bakin titi zuwa Tungar Jatau mil huɗu ne, hanyar shanu, da ƙorama a mil na uku idan ana fitowa. Bas ba ta shiga. Muka bar ta a titi, Landiroba ɗin ƙaramar hukuma ta yi sawu uku ta kwashe mu. Ƙoramar a lokacin ko idon sawu ba ta rufewa.

Sai in bayyana matsayina a garin, don wanda bai gane shi ba ba zai gane sauran labarin ba. A Anka ni ma'aikaci ne. A Tunga ni suruki ne. Tun daga bakin gari nake cire takalmi. Sunan tsohon ba ya fita daga bakina, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci inda yake ba. In ina da magana, ƙanensa Baba Mamman nake gaya wa, shi ya isar, ko da tsohon yana zaune taku biyu daga inda na durƙusa. Abin da na taɓa faɗa masa kai tsaye a shekara biyu bai wuce "lahiya lau" da "amin" ba.

Muka tarar da shi zaune a maƙera, gawayi ya yi ja, Baba Mamman na kan zugazugi. Ya sa dogon wando har idon sawu, ya miƙe ƙafar dama gefe kamar mai hutawa. Wanda bai sani ba ba zai ga komai ba. Ya ɗauki guntun ƙarfe da awartaki, ya gasa, ya ɗora kan uwar maƙera, ya shiga bugu. Kafin ɗaliban su gama buɗe littattafansu ƙarfen ya fara zama lauje. Ya ƙera musu lauje da fartanya da 'yar wuƙar aski. Ladi ta roƙi a bar ta ta yi zuga, aka bar ta, ta watsa wa kowa toka, tsohon ya ce hannunta na da albarka. Tanko ya tambayi sunan kowane ƙarfe a rumfar ya rubuta. Matan rugar da ke kusa suka kawo fura da nono. Ina gefe a tsugune, takalmina a hannu, raina fari tas. A zuciyata har na fara rubuta rahoto.

Wajen sha biyu hadari ya taso daga gabas. Direbanmu ya dubi sama ya ce shi ba zai bari ƙorama ta rufe shi da motar gwamnati ba, gara ya fara kwasa tun yanzu. Ya ɗauki ɗalibai biyu da furar ta fara yi wa magana a ciki. Malam Bashir ya dubi hadarin, ya dubi takalminsa, ya ce ya kamata wani babba ya bi marasa lafiya. Suka tafi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi kusan awa ɗaya ya ɗauke. Muna nan sai ga wani Bafulatani da saƙon direba: ƙorama ta kawo, mota ba ta dawowa, amma mutum yana ƙetarewa, ruwan iya gwiwa ne.

Na sanar da ɗaliban ina ba su haƙuri. Sai na ga suna murna har da tafi. Mutanen da suka biya kuɗin jirgi daga bangon duniya, ashe babban burinsu su taka taɓo.

Suka yi sallama, suka saɓa jakunkuna. Tsohon ya miƙa hannu aka ba shi babbar rigarsa da sanda. Ya tashi tsaye. Da ya tashi, duk mazan da ke wurin suka tashi, sun kai talatin.

Kun san rakiya, amma ban tabbata kun taɓa tsayawa kun duba yadda take aiki ba. Ni ma sai ranar na duba. Mai gida ba ya juyawa don kansa, baƙo ke juyar da shi. Idan an kai bakin gari, baƙo ya tsaya ya ce a koma haka nan. Mai gida ya ce a'a, a ƙara gaba kaɗan. Wannan a'a ɗin ba amsa ba ce, ladabi ne. Sai baƙo ya kafe ƙafafunsa ya rantse ba zai ƙara taku ba sai an juya. A yi addu'a, a rabu. Ba wanda ya taɓa koya mana wannan, kuma ba wanda ya sa shi a littafin da aka koya wa ɗaliban nan Hausa. Bahaushe ɗaya da za a iya kira baƙo a cikinmu yana can bakin titi yana tsaron takalminsa.

A bakin garin akwai wata tsamiya inda rakiya ke ƙarewa tun kakanni. Da muka iso ta tsohon ya rage tafiya, mutanen gari suka rage, kowa ya gyara murya yana jiran a sallame shi. Ɗaliban suka ga an tsaya, suka ɗauka itacen ake nuna musu. Suka ɗauki hotonta ta gabas da ta yamma. Tanko ya rubuta sunanta. Suka wuce. Tsohon ya bi su, gari ya bi tsohon.

Na ji Baba Mamman ya matsa kusa da shi yana magana ƙasa-ƙasa. "Yaya, koma hakanan. Mu mu kai su."

"Baƙin yaron ga na," in ji tsohon. "Ka ji sun sallame ni?"

Yaron ga ni ne. Ni ba baƙo ba ne, ba ni da ikon sallamarsa. In kuwa na buɗe baki na ce Baba ya koma, to suruki ya faɗa gaban gari duka cewa tsoho ya kasa. Sai na yi dabara irin ta ƙaramin ma'aikaci, na nemi wanda zai faɗa a madadina. Na ja Ladi gefe na ce ta je ta ce masa, "Baba, mun gode, a koma haka nan."

Ta ce, "Malam Sani, wannan ba kora ba ce?"

Na ce ba kora ba ce, girmamawa ce. Ta maimaita jimlar sau biyu don ta zauna mata, ta je ta jera da shi, tana tafiya tana faɗa. Ko wasali ɗaya ba ta kuskure ba.

Tsohon ya yi murmushi. "A'a ɗiyata, mu taɓa gaba kaɗan."

"To, madalla!" in ji Ladi. Ta dawo wurina fuskarta a sake. "Na faɗa masa. Ya ce yana so ya ci gaba."

Na ce ta koma ta tsaya cik, ta ce ba za ta motsa ba sai ya juya.

Ta ce, "Don me? Na tambaye shi, ya ba ni amsa. Shi babba ne, ya san abin da yake so. A ƙasarmu ba a matsa wa babba." Sai ta tsaya ta dube ni sosai, don ba wawuya ba ce. "Ko akwai wani dalili?"

A nan ne wurin. Kalma huɗu ko biyar suka rage: tsohon ba shi da lafiya. Ina da su da Hausa, ina da su da Turanci. Amma Alhaji Mu'azu ya ce kada baƙi su ji zancen cuta. Tsohon kuma ya sa dogon wando ne don kada a sani, ni kuwa wane ne da zan kwance masa shi gaban Baturiya? Umarnin ofis da kunyar gida suka haɗu suka danne mini harshe, kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗin samun dalili biyu maimakon ɗaya.

Na ce, "Babu."

Ta ce to, ta ciro kyamararta.

Muka ci mil na biyu. Ina baya, idona na kan ƙafar dama. Ba ya ɗingishi. Abin da yake yi shi ne yakan ɗan daɗe a kan sandar kafin ya ɗaga ƙafar, kamar mai nazarin gonakin mutane. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa, ga shi iskar bayan ruwa ake yi mai sanyi. Ɗaliban kuwa suna gaba suna yaba gero.

Na sake gwadawa da Tanko, ina ganin mai yawan rusunawa zai fi gane irin wannan. Ya je ya faɗa, ya rusuna. Tsohon ya ce a taɓa gaba kaɗan. Tanko ya sake rusunawa har ƙasa, ya gode masa da wannan babbar karramawa, ya kuma ga bai dace a bar dattijo yana tafiya ba abokin hira ba. Ya jera da shi yana tambayarsa yadda ake narka tama a zamanin da. Tsohon ya ba shi amsa tiryan-tiryan, daga haƙo dutsen har fasa murhu. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Ina jin maganar ce ta riƙe shi a tsaye.

Muka iso ƙorama. Ruwa ja, yana gudu, iya gwiwa kamar yadda aka faɗa. Kowa ya naɗe wando. Nan ma mutanen gari suka tsaya, don ko rakiyar sarki ce ruwa yakan raba ta. Ɗaliban suka faɗa ruwa suna ihu suna dariya, suka haye, suka juyo suna yafuto mu. Ladi ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ruwan ba shi da zurfi!"

Tsohon bai naɗe wandonsa ba. Ya yi bisimilla ya shiga da shi haka nan. Baba Mamman na dama da shi, ni ina baya da kamar taku uku. A tsakiyar ruwan ƙafarsa ta zame kan dutse, ya dafa sanda da hannu biyu, ya tsaya. Sai na ga tsumma ya taso daga ƙasan wandon, bayansa ɗan tsinke da farin abu naɗe a jiki. Suka juya sau ɗaya a kan ruwan, suka bi ƙorama. Baba Mamman ya gani. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi ruwa.

Tsohon ya ƙarasa ƙetarewa. Ya yi mil na huɗun ma.

Malam Bashir yana zaune a inuwar bas ya hango mu, ɗalibai goma sha biyu a gaba, dattijo da rigarsa sharkaf, gari guda a bayansa. Ya miƙe zumbur. Ya manta da takalmin, ya taho da gudu cikin taɓo, ya zube gaban tsohon ya kama hannunsa.

"Subhanallahi! Baba, har nan? Da ƙafa? Don girman Allah a koma."

"A'a Malam, mu ga tashinku dai."

"Wallahi tallahi motar nan ba za ta motsa ba sai na ga bayanku."

Shi ke nan. Tsohon ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, ya sa wa baƙi albarka, ya juya. Abin da na kasa a mil huɗu, Malam Bashir ya gama shi kafin direba ya tofar da goronsa. Tsohon ya tafi a miƙe, ba gaggawa, har geron bakin hanya ya rufe shi.

Malam Bashir ya juyo kaina. "Malam Sani, kai ɗan gari ne. Kana ina aka bar dattijo ya yi wannan tafiya?"

Na ce, "Ya ƙi komawa ne."

Muka shiga bas, don ni ne mai bayani har Gummi. Muka isa Bukkuyum a makare da awa biyu, aka ci tuwon da ya huce. Da la'asar sakaliya muna Gummi bakin gulbi, ina nuna musu kwalekwale ina cewa wannan kwalekwale ne. Na yi aikina daidai, ban tsallake layi ko ɗaya ba. Ladi ta ce mini a duk yawon da suka yi babu ranar da ta kai wannan, kuma ba ta taɓa ganin tsoho mai ƙarfi kamar Sarkin Maƙera ba. Na ce haka ne.

Ranar Lahadi da rana na dawo Anka na tarar da ɗaki a rufe. Maƙwabciya ta ce tun jiya aka zo aka tafi da Dije. Daga bakinta na ji sauran. Tsohon bai yi taku ashirin cikin geron ba ya zauna, kuma bai sake tashi ba. Sai da aka aro takarkari a ruga aka ɗora shi. Wato lokacin da nake tsaye a ƙofar bas ina ƙirga ɗalibai, yana nan zaune a taɓo, in na yi jifa da dutse zai kai inda yake.

Ranar Litinin Alhaji Mu'azu ya ce Malam Bashir ya bugo waya yana yabo. Bayan mako biyu takardar godiya ta zo daga jami'ar, da sunana a ciki, Sakatare ya sa aka saka ta a fayil ɗina. Tana nan har yau. Da aka zo ƙarin girma an ambace ta.

Ban jira takardar ba, ranar Litinin ɗin da aka tashi aiki na hau keke na nufi Tunga. Dije na tarar a ƙofar gida da ƙwaryar ruwan zafi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kana wurin?"

Na ce, "Ina wurin."

Ta ce, "To." Ta shige. Mun yi shekara talatin da wani abu tare bayan nan, ba ta sake tayar da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka yi mini iso. Yana kwance kan tabarma, ƙafar ta kumbura tun daga idon sawu har cinya, tana sheƙi, ɗakin yana warin magani. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Na zo da magana a bakina, na shirya ta tun daga Anka, amma ban san ta inda suruki ke fara irinta ba. Shi ya riga ni. Ya juya wajen Baba Mamman, kamar yadda aka saba.

"Tambaye shi, baƙin sun isa lahiya?"

Na ce sun isa lafiya.

"Ba su ga wani abin assha ba?"

Na ce ba su gani ba.

"Manyan nai na wurin aiki sun ji daɗi?"

Na ce sun ji daɗi.

Ya rufe ido. "To, alhamdu lillahi. Mun hid da yaron ga kunya."

Na fito na zauna bayan rumbu na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Daga baya mun kai shi asibiti, aka tsaga, aka matse, ƙafar ta tsira amma gwiwar ta sandare. Zaman ƙira kuwa yana son gwiwa mai lanƙwasuwa. Ya rayu shekara tara bayan nan, yana zama a bakin rumfar yana gyara wa Baba Mamman kuskure da baki. Kayan da ya ƙera wa ɗaliban nan su ne aikinsa na ƙarshe.

Abin da na koya ke nan, ku da za ku ci gaba da shiga gaban baƙi. A aikinmu an iya tarba. Akwai kwamitinta, akwai mai riƙe lasifika, akwai mai jera kujeru. Amma mutanen da muke kai wa baƙi ba za su taɓa ce muku sun gaji ba, ko ba su da shi, ko yana yi musu ciwo. Za su yanka akuyar da ta rage, za su tashi a kan ƙafar da ba ta tashuwa, don kada a ce sun ba ku kunya. Baƙo kuma ba mugu ba ne, abin da aka gaya masa shi yake ɗauka. Tsakaninsu mutum ɗaya ne ya san abin da wancan bai sani ba da abin da wannan ba zai faɗa ba, shi ne ɗan ƙaramin ma'aikacin da ke riƙe da takardar tsari. Ogan da ya ce ka yi shiru yana ofis, ba shi zai ga ƙafar ba. Ranar da baƙo ya tsaya ya dube ka ya ce ko akwai wani dalili, don Allah kada ka ce babu.